Kafin Ƙafa Ta Bar Ƙasa

A wannan karo za mu ɗaga kai mu dubi sama, domin maganar da muka kawo muku ta masu dirowa da laima ce, da 'yan ƙananan ƙarafan da ransu ke rataye a jiki. Wani zai ce ina ruwan mutumin Asawase da laimar dirowa, tunda shi ba sojan laima ba ne? To, a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, za a ga ashe maganar ta gida ce.

Idan bikin Ista ya zo, motoci kan cika da samari daga Kumasi zuwa ƙasar Kwahu, kuma ba a barin 'ya'yan Zango a baya. Tun shekarar 2005 aka fara wasan shawagi da laima a can, zamanin da marigayi Jake Obetsebi-Lamptey yake ministan yawon buɗe ido. Akan tashi daga kan dutsen Odweanoma da ke Atibie, a sauka a filin wasa na Nkawkaw, wanda bai iya ba kuma gwani ne ke ɗaukarsa, a ɗaure su biyu a laima ɗaya. Ban da wannan, akwai wani wasan da yaranmu ke kallo a wayoyinsu, inda za ka ga mutum ya tsaya a kan dogon gini ko bakin dutse, ya faɗo haka nan, sai ya kusa ƙasa sannan laima ta buɗe. Wannan shi ake kira BASE, kuma ya fi na Kwahu haɗari nesa ba kusa ba. A Kwahu laima a buɗe take tun kafin ƙafa ta bar ƙasa, a BASE kuwa sai mutum yana cikin faɗuwa take fitowa daga jaka.

An haɗa sunan ne daga haruffan farko na kalmomi huɗu na Turanci, masu nufin gini, da dogon ƙarfen eriya, da gada, da dutse, wato wuraren da ake dirowa daga kansu. Wanda ya yayata wasan shi ne Carl Boenish, wani Ba'amurke mai ɗaukar hoton sinima, wanda a 1978 ya ɗauki hoton abokansa suna dirowa daga dutsen El Capitan a Kalifoniya. Shi kansa a wajen dirowa ya rasu a ƙasar Norwe a 1984. A can Norwe ɗin likitoci sun ƙirga dirowar da aka yi daga dutsen Kjerag tsakanin 1995 da 2005, suka sami 20,850, mutum 9 suka mutu, wato kusan rai ɗaya a kowace dirowa 2,300. Saboda haka ba kiran kowa muke yi ya gwada ba. Abin da muke so mu koya daga gare su shi ne yadda suke kula da kayansu, domin su ne mutanen da kuskure ɗaya ke isarsu.

Dalili kuwa shi ne ƙarancin lokaci. Mai dirowa daga jirgin sama yakan fito daga nisan kamar mita 4,000, ya buɗe laimarsa tun yana da kamar mita 1,000 a ƙarƙashinsa, kuma yana ɗauke da laima biyu, in ta farko ta ƙi ya yar da ita ya buɗe ta biyu. Mai BASE kuwa galibi laima ɗaya gare shi, don ko yana da ta biyu babu lokacin buɗe ta. Abin da aka saki daga sama yakan faɗo kamar mita 5 a sakan na farko, mita 20 cikin sakan 2, mita 44 cikin sakan 3. Gadar Perrine da ke jihar Idaho a Amurka, inda ake yawan yin wannan wasa, tsayinta mita 148 ne, ke nan daga kan gada zuwa ruwa kamar sakan 6 ne kacal. Wanda ke da sakan 6 ba ya gyaran komai a sama. Duk gyaran da zai yi, a ƙasa zai yi shi.

Ga yadda abin yake aiki. Babbar laima tana naɗe a cikin jaka a bayan mai dirowa, an rufe bakin jakar da ɗan zare, an soke zaren da lanƙwasasshen fil na ƙarfe. Idan ya faɗo sai ya jefa wata 'yar ƙaramar laima cikin iska, ita kuma ta ja wata igiya mai tsawon kamar ƙafa 9, igiyar ta zare fil, jaka ta buɗe, babbar laima ta fito. Girman 'yar laimar ma da lissafi: in wurin gajere ne, gudun faɗuwa bai yi yawa ba, sai a sa babba mai faɗin inci 46 ko 48 don ta kama iska da wuri, in kuwa dogon dutse ne sai a sa ƙarama. Idan igiyar nan ta bi ta ƙarƙashin wani maɗauri, ko an soke fil ta inda ba zai zaru ba, to 'yar laima za ta yi ta ja a banza, jaka kuwa a rufe.

Daga nan sai abin da ke haɗa laima da jikin mutum. Igiyoyin laima suna taruwa a jikin wasu zobba na ƙarfe masu noti, waɗanda ake ɗaurewa da hannu sannan a ƙara kwata ɗaya na juyi da sifana. In an bar notin sako-sako zai warware da kansa, zoben ya buɗe baki idan nauyi ya hau shi. In kuma an matse fiye da kima, notin na iya tsagewa. A kafaɗa akwai wata dabara ta zobba uku, wadda wani Ba'amurke mai suna Bill Booth ya ƙirƙiro a shekarun 1970: matsakaicin zobe ya ratsa babba ya lanƙwaso, ƙarami ya ratsa matsakaici ya lanƙwaso, sai ɗan zare ya riƙe ƙaramin. Kowane zobe yana rage nauyin da ke isa ga na gaba, har ya zama ɗan zaren nan na riƙe da ƙato ba tare da wahala ba, kuma da ja ɗaya mutum zai rabu da laimar in ya faɗa ruwa ko ya maƙale a bishiya. Amma in aka kuskure tsarin, aka sa zaren ya ratsa zobe biyu maimakon ɗaya, dabarar ta lalace. Sai kuma maɗaurin cinya biyu da na ƙirji, waɗanda dole bel ɗinsu ya bi ta cikin ƙarfensa yadda aka tsara, in ba haka ba ya zame lokacin da laima ta fizgi mutum.

Saboda haka gwanayen wannan wasa suke da al'adu waɗanda ba su wasa da su. Sukan ƙirga kayan aikin naɗe laima kafin su fara, su sake ƙirgawa bayan sun gama, don kada a bar matsi ko zare a cikin jaka. Idan wani ya katse su da hira suna cikin naɗi, da yawansu kan koma baya su sake. Kafin dirowa kuma kowa kan juya wa abokinsa baya ya duba masa fil da igiya, komai daɗewarsa a harkar, domin ido ba ya ganin ƙeya.

Misalai biyu sun isa su nuna abin da sakaci ke jawowa. A watan Oktoba na 1999 wata mata gwana, wadda ta daɗe tana dirowa, ta faɗo daga El Capitan a gaban jama'a don nuna rashin yarda da dokar hana wasan a wurin. Da yake ta san hukuma za ta ƙwace kayan, sai ta yi amfani da na aro. A nata kayan 'yar laimar tana gindin jaka ta baya, a na aron kuwa tana aljihun cinya. Ba ta buɗe laimar ba har ta kai ƙasa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Na biyu a 2018 ne a ƙasar Suwizalan, inda wani matuƙin fiffiken shawagi ya tashi da baƙo ɗan yawon buɗe ido, ya manta bai maƙala ƙugiyar baƙon ba. Mutumin nan ya yi fiye da minti 2 yana reto da hannuwansa a sama, ya tsira da karayar wuyan hannu. A nan babu ƙarfen da ya karye, babu igiyar da ta tsinke. Ƙugiya lafiyayya ce, ba a dai maƙala ta ba.

Wannan misali na biyu shi ya fi kusa da mai zuwa Kwahu, domin shi ma da ƙugiyoyi biyu ake haɗa ɗamararsa da laima. Don haka duk wanda zai hau, ya dubi ƙugiyar dama da ta hagu da idonsa, ya ga ƙofarsu ta rufe ta kulle, ya ja maɗaurin cinyarsa ya ji sun kama, ya sa hular kwano, ya kuma tambayi matuƙin ko yana ɗauke da laimar ko-ta-kwana. Gwani na gaske ba ya jin haushin tambaya. In an ce iska ba ta da kyau a dakata, to a dakata, ko da kuwa an biya kuɗi an sha layi.

To, yanzu mu dawo gida. Mu nan Asawase da Aboabo da Sawaba da Akwatia Line ba mu da masu dirowa daga dutse, amma muna da ɗimbin matasa da abincinsu ke sama. Akwai masu hawa ƙarafan sadarwa, da masu ɗaura allunan talla, da masu fenti da kafintocin rufin bene, da masu ɗaura kwanon talabijin, ga kuma masu haƙa rijiya da ke sauka da igiya. Baturen da ke dirowa don nishaɗi yana ƙirga kayansa sau biyu, ɗanmu da ke hawa don neman na tuwo kuwa sau da yawa igiyar shanya ce a ƙugunsa, ko ɗamarar gwanjo da ba wanda ya san tarihinta.

Ya kamata iyaye da iyayen gidan sana'a su san 'yan abubuwan nan. Ƙugiyar hawa ta gaske tana da lambobi a jikinta tare da haruffan kN, kowane ɗaya kuma daidai yake da nauyin kamar kilo 100. A ƙa'idar Turai, ƙugiya irin ta hawan dutse sai ta ɗauki aƙalla 20 ta tsawonta, wato kamar tan 2, amma in nauyi ya hau ta a kaikaice ko ƙofarta a buɗe, abin da aka lamunce mata 7 ne kawai. Ke nan ƙugiyar da ƙofarta ke buɗe ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Wadda ba ta da lamba kuwa, irin da ake sayarwa don rataya makulli, ko jarkar ruwa kada a amince mata, balle rai. Kada kuma wani ya ce ai kilo 70 ne nauyinsa, me zai yi da ƙugiyar tan 2? Mutumin da ya faɗo mita 2 igiya ta tsayar da shi farat ɗaya, fizgar da ke hawa kan ƙugiya ta ninka nauyinsa sau da yawa, shi ya sa igiyar aiki ta gaske take da wani naɗi da ke warwarewa a hankali don ya sha fizgar.

Mun san gwanintar maƙeranmu da masu walda na Magazin a Suame, babu abin da ba za su ƙera ba. Amma ƙugiyar da za a rataya rai a jikinta sai wadda aka gwada da na'ura aka buga mata lamba, domin ido ba ya ganin tsagar da ke cikin walda. Haka ma bel da igiyar nailan: rana na cinye ƙarfinsu, ruwan batir kuma na ƙona su ba tare da alama ta fito sosai ba, don haka kada a ajiye su a bayan mota kusa da batir, kada kuma a bar su kan rufi suna shan rana. Ɗamarar da ta taɓa tare mutum a faɗuwa ta gama aikinta, a yanka ta a yar don kada wani ya tsinta ya sayar. Araha ba ta ado.

Doka ma tana bayan ma'aikaci. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin samar da kayan kariya kyauta, da koya wa ma'aikaci yadda zai yi amfani da su. Ta kuma ba ma'aikaci damar janye jikinsa daga aikin da ya ga yana da haɗari ga ransa, ya sanar da na gaba da shi, ba tare da an kore shi saboda haka ba. Da yawan yaranmu aikin yini suke yi, suna tsoron in sun yi magana gobe ba za a kira su ba. A nan ne ya kamata sarakunan Zango da shugabannin ƙungiyoyin matasa su sa baki, su zauna da 'yan kwangilar da ke ɗibar yaran unguwa, a yi yarjejeniya cewa babu hawa sai da ɗamara da ƙugiya mai lamba.

Mun sha jin ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma kuma Hausawan nan dai su ne suka ce rigakafi ya fi magani. Shawararmu ga kowane mai hawa ita ce ya ɗauki al'adar masu laima: ya san kayansa, kada ya hau da na aro sai ya gwada su a ƙasa, ya duba ƙugiya da maɗauri ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya wa abokin aikinsa baya shi ma ya duba masa. Duka-duka bai fi minti ɗaya ba. Ku kuma iyaye, in yaro zai fita aikin sama da safe, ku tambaye shi ina ɗamararsa, kamar yadda kuke tambayar ɗan makaranta ina littafinsa.

A nan za mu dakata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya sa kowa ya sauko lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.