Martani: Adinosin Ba Shi Ne Maganin Bugun Zuciya Ba

Malam marubuci, ka ce adinosin ne maganin bugun zuciya, wai likitoci ne ke ɓoye shi. Maganar nan tana iya jawo asarar rai, shi ya sa na tanka.

Idan jijiyar jinin zuciya ta toshe, ƙwayoyin naman zuciya kan rushe sinadarin ATP, adinosin ya taru. Jinin da ya dawo bayan an buɗe jijiyar kuma yakan zo da fararen ƙwayoyin jini, wato nutrofil, su manne a bangon jijiya suna zubar da guba mai ƙona nama. Adinosin yakan kama mashigar A2A da ke jikinsu ya sanyaya su, kumburi ya ragu. Mai bincike Bruce Cronstein ya nuna adinosin yana hana su zubar da gubar nan tun 1983. A nan ka faɗi gaskiya.

Amma cikin daƙiƙoƙi kaɗan jini ke cinye adinosin. Gwajin AMISTAD II na 2005, a kan marasa lafiya 2,118, bai nuna ya rage mace-mace ba, duk da cewa babban kashin maganin ya rage girman raunin zuciya.

Mai ciwon ƙirji a garzaya da shi asibiti a buɗe jijiyar. Ka janye maganarka, Malam.