Farin Ruwa: Baƙi Suna Zuwa, Mu Me Muka Shirya?

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa akwai magangarar ruwa da ake kira Farin Ruwa. Ruwan yana fitowa daga tsaunukan Filato, ya faɗo daga kan dutse mai tsawon kamar mita 150. Wato ya ɗara shahararriyar magangarar Biktoriya ta kogin Zambezi, mai mita 108. Daga nesa sai ka ce farin hayaƙi. Shi ya sa mutane suke tasowa daga Abuja da Jos da Lafiya domin su gani da idonsu.

Waɗansu suna cewa zancen baƙi na gwamnati ne, ba ruwan manomi. Mu ba mu yarda ba. Gama ruwan nan daga ƙananan rafuka yake taruwa, rafukan kuwa ta gonaki suke bi. In an sare itatuwan bakin rafi domin gawayi, aka sa wa daji wuta, aka yi noma har gaɓa, ƙasa ba za ta riƙe ruwa ba. Da damina sai ya sauko ja wur, ɗauke da ƙasar gonakinmu. Da rani kuwa ya ja baya da wuri. Wa zai biya kuɗin mota ya zo kallon busasshen dutse? Lambun rani ma ya mutu ke nan.

Ga kuma wata hasara. Baƙo yakan zo da abincinsa daga birni, ya ci, ya bar mana leda, ko sisi bai kashe ba. Mutum ɗaya ba zai iya gyara wannan ba, amma ƙungiya za ta iya. A kafa rumfa mai tsabta, mata su sayar da gasasshiyar masara da doya da zuma da kunu. Samari biyu ko uku su riƙa yi wa baƙi jagora, su hana su hawa inda dutse yake da santsi. A yanka kuɗi ɗaya, a rubuta a allo, kada a cuci kowa. Wani kashi ya shiga asusun ƙungiya domin sayen irin itatuwa da gyaran hanya.

Ku da kuke kusa da Asop da Matsirga da Gurara, maganar ta shafe ku. Ku kawo ta taronku na gaba, a sa ranar gayya, a dasa itatuwa a bakin rafi da ruwan farko.