RA'AYINMU: Me Aka Faɗa a Majalisa Kan Ambaliya, Zafi da Asibitocinmu? Bari Mu Duba Takarda



A wani taron dattawa da muka yi a yankin Basirka, bayan an rufe da addu'a ana shirin tashi, gardama ta kaure tsakanin dattawa biyu. Ɗaya ya ce wani daga cikin wakilan da muka zaɓa ya miƙe a majalisa ya yi magana a kan hanyar da ruwa yake yankewa, da halin da ɗakunan shan magani suke shiga da damina. Ɗayan ya ce sam, bai taɓa buɗe baki ba. Da muka tambaya, na farko a bakin direba ya ji a tasha, na biyu kuma a bakin surukinsa. Aka yi ta ja har rana ta yi sanyi, ba wanda ya riƙe ko fallen takarda. Alhali kuwa abin da ake faɗa a zauren majalisa rubuta shi ake yi, kuma ɗan ƙasa yana da ikon neman ya gani. Gani ya kori ji.

Ba wasa ya sa dattawan suka ɗaga murya ba. A watan Agusta na 2021, ruwa ya karya gada kusa da Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. A wannan shekarar cutar amai da gudawa ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi muni. A ranin 2023, mafi yawan waɗanda aka yi zaton sun kamu da sanƙarau a ƙasar nan a Jigawa suke. A watan Afrilu na 2024 kuma, zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitoci suka cika da tsofaffi.

Duk wanda ya yi jinya a ƙauye ya san yadda yanayi da lafiya suke haɗe. Ruwa idan ya yi yawa yana shiga masai, daga nan ya gangara rijiya. Kududdufi yana haifar da sauro. Hanya idan ta yanke, mace mai naƙuda da ya kamata a kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu sai ta kwana a bakin rafi. Da rani, ƙura da zafi suna busar da hanci da maƙogwaro, su buɗe wa sanƙarau ƙofa. Allurar rigakafi kuma tana bukatar firji, firji yana bukatar wuta. Ba mu ce kowace ambaliya sauyin yanayi ne ya kawo ta ba. Akwai kwalbati mara ƙarfi, da gini a kan hanyar ruwa, da sare itatuwa da mu kanmu muke yi. Amma masana sun tabbatar cewa ɗumamar duniya tana ƙara tsananin zafi da ruwan sama mai sauka da ƙarfi a lokaci ɗaya. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: waɗanda muka aika Dutse da Abuja, me suka ce, me kuma suka zartar?

Muna da wakilai a wurare uku. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109. Majalisar Wakilai tana da 360, a ciki Gwaram tana da kujerarta, Birnin Kudu da Buji suna da tasu. Majalisar Dokokin Jihar Jigawa da ke Dutse tana da kujeru 30. Zaman majalisa yakan bar takardu iri uku. Ta farko ita ce jerin ayyukan rana, wadda take nuna abin da za a tattauna da sunan wanda ya kawo shi. Ta biyu ita ce takardar ƙuri'u da matakai, wadda take taƙaita abin da aka yanke. Ta uku ita ce Hansad, wato rubutun muhawara kalma da kalma. Sunan ya samo asali daga Thomas Hansard, wani mai ɗab'i a birnin Landan da ya riƙa buga muhawarar majalisar Ingila tun farkon shekarun 1800. Ana samun takardu biyu na farko na Majalisar Tarayya a intanet, a shafin majalisar da kuma na ƙungiyar PLAC da ke Abuja, wadda take bibiyar ƙudurorin doka. Hansad ya fi wuyar samu, haka ma takardun majalisar jiha. Sau da yawa sai an rubuta wa Akawun Majalisa.

Rubuta wasiƙar nan ba roƙon alfarma ba ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2011 ta ba kowa ikon neman takardar hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta shafi jihohi ma.

Mai neman takardun nan ya lura da abubuwa uku. Na ɗaya, da Turanci aka rubuta su. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ana iya gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, sashe na 97 kuma ya ba majalisun jihohi damar amfani da harshen jiharsu. Duk da haka, abin da yake kan takarda Turanci ne, don haka muna bukatar malaman makaranta da ɗalibanmu su fassara wa iyayensu. Na biyu, wanda ya nemi kalmar sauyin yanayi kaɗai zai sami kaɗan. Maganar tana ɓoye a ƙarƙashin wasu sunaye: ambaliya, zaizayar ƙasa, kwararowar hamada, amai da gudawa, sanƙarau, karyewar gada. A nemi waɗannan, a haɗa da sunan Gwaram, Birnin Kudu ko Jigawa. Na uku, a lura da kalanda. Majalisar Tarayya takan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da ruwa yake cin gidajenmu. Maganar ambaliyar Agusta sai a neme ta a takardun ƙarshen Satumba da Oktoba, ta sanƙarau da zafi kuma daga Maris zuwa Mayu.

Idan an sami takardar, sai a san nauyin abin da ke cikinta, gama ba kowace magana ce take zama aiki ba. Akwai ƙudurin kira, akwai ƙudurin doka, akwai kasafin kuɗi. Ƙudurin kira shi ne wanda aka fi ji a rediyo bayan bala'i: ɗan majalisa ya bayyana abin da ya faru a mazaɓarsa, a yi shiru na minti ɗaya domin mamata, a yi kira ga hukumar NEMA ta kai kayan agaji, a ce wani kwamiti ya bi sawu. Wannan yana da amfaninsa, amma ba ya tilasta wa gwamnati yin komai. Ƙudurin doka sai an karanta shi sau uku, a majalisun tarayya biyu an amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. Kasafin kuɗi kuwa shi ne yake nuna ko za a sayi siminti da magani.

Tarihin dokoki biyu ya isa misali. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa a 2014. Dokar ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Amma sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, kimanin naira biliyan 55. Shekara huɗu doka tana kwance a takarda. Tun kafin wannan, a 2001, shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kasafin tarayyarmu kuwa ya daɗe yana ƙasa da rabin wannan.

Ta biyu ita ce Dokar Sauyin Yanayi, wadda Sam Onuigbo, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Abiya, ya ɗauki nauyinta, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Nuwamba na 2021 bayan yunƙurin da aka yi a majalisun baya bai kai ga nasara ba. Dokar ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi ƙarƙashin shugaban ƙasa. Wanda ya karanta jerin mambobin da dokar ta zayyana zai ga ministan muhalli, da na man fetur, da na noma, da na wutar lantarki, da na sufuri, da na albarkatun ruwa. Ba zai ga ministan lafiya ba. Irin wannan ba a jin sa a tasha, sai an buɗe takarda. Ba mu kaɗai muka makara ba: tarukan duniya kan sauyin yanayi sun fara tun 1995, amma sai a taron Dubai na 2023 aka fara ware rana guda domin maganar lafiya. Abin da wannan yake nuna mana shi ne, masu yanayi suna ɗakinsu, masu lafiya suna nasu, a jikin talaka kuwa abin a haɗe yake. Idan ba mu da muke ɗaukar marasa lafiya a kan babur muka haɗa maganar ba, ba lalle wani ya haɗa mana ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wajibi ne kuma mu yi adalci. Rashin ganin sunan wakili a cikin muhawara ba shi ne shaidar cewa bai yi komai ba, domin aiki mai yawa a kwamiti ake yin sa. Haka nan yawan surutu a zaure ba shi ne aiki ba. Kada mu ɗauki fallen takarda ɗaya mu shiga kasuwa muna ɓata sunan mutum. Wannan jarida ba ta kowace jam'iyya ba ce, kuma ba ma so a mai da binciken nan sandan dukan wani. Nufinmu shi ne idan wakili ya zo gida, mu tarbe shi da mutunci, mu kuma yi masa tambaya mai kwanan wata.

Muna ba da shawara kamar haka.

Na ɗaya, kowace gunduma ta zaɓi mutum uku: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga Zumuntar Mata, da matashi ɗaya mai iya Turanci da wayar hannu. Su buɗe littafi, su riƙa rubuta kwanan wata, sunan wanda ya kawo magana, abin da aka yanke, da abin da ya biyo baya.

Na biyu, su riƙe littafi na biyu na abin da yake faruwa a gida: ranar da hanya ta yanke da kwana nawa ta yi, rijiyoyin da ruwa ya shiga, ranakun da ɗakin shan magani ya kasance babu wuta ko ruwa. A rubuta abin da ido ya gani kawai, kada a sa sunan mara lafiya.

Na uku, a nemi sani ko cibiyar lafiyar mazaɓarmu tana cikin masu karɓar kuɗin asusun nan na 2014, a kuma san su wane ne a kwamitin raya mazaɓa da yake sa ido a kanta.

Na huɗu, kafin a gabatar da kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, a rubuta wa wakilanmu na Dutse da Abuja wasiƙa gajera mai bukata ɗaya ko biyu, kamar wutar sola da rijiyar burtsatse a cibiyar lafiya, ko ƙarfafa kwalbatin da aka san yana karyewa. A ajiye kwafi. Majalisa tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, kuma takan gayyaci mutane jin ra'ayi a kan ƙudurorin doka. Ƙofofin nan namu ne mu ma.

Na biyar, kada mu tafi mu kaɗai. Ruwan da ya karya gadar Radabi bai tambayi addinin kowa ba, rijiyar da muke sha kuma ɗaya ce da ta maƙwabtanmu Musulmi. A kai abin da aka samo wurin mai unguwa da dagaci da liman, a karanta tare, a sa hannu tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun sani ba mu da yawa a wannan yanki, wasu kuma za su ce wa zai saurare mu. Amsarmu ita ce, wanda ba shi da taron jama'a a bayansa ya fi kowa bukatar takarda a hannunsa. Wakili yana iya manta abin da ya faɗa a dandalin yaƙin neman zaɓe, amma abin da akawu ya rubuta yana nan da kwanan watansa. Dattawanmu biyu da suka yi gardama sun amince su zauna a kwamiti ɗaya, matashi zai karanta musu. Gundumar da ta riga ta kammala nata binciken ta aiko mana, za mu buga shi a wannan shafi yadda yake, ko ya yi wa wani daɗi ko bai yi ba.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya tsare mu da maƙwabtanmu a damina da rani. Amin.