Sakamakon Koriya Ba Zai Wadatar da Zuru Ba

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke afka wa jikin mai ita, kuma gado na da hannu a cikinta. Masanan Koriya ta Kudu sun tantance ƙwayoyin gadon da ke ƙara haɗarinta ga mutanensu, amma sakamakonsu ba zai wakilci Lelna da Fakkawa da Hausawan masarautar Zuru ba. Nau'o'in APOL1 da aka gano a 2010 sun yawaita a Afirka ta Yamma. Suna kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna jawo lalacewar ƙoda, har ga masu lufus. Dole a yi binciken a gida, kuma nauyi ne a kan masana harshe su samar da kalmomin Hausa da C'lela da majinyaci zai fahimta kafin ya amince a ɗebi jininsa.