A Kai Kukan Tafinta Tun Shari'a Na Ɗanye

'Yan'uwa ɗalibai, a kotunan Legas, Ibadan ko Inugu, Bahaushen da ba ya jin Turanci ba shi da baki sai na tafinta. Idan bakin nan ya karkata, shari'a ta karkata.

Mu ɗauki misali. An gurfanar da wani ɗan dako bisa zargin sata, ya ce, "Na ɗauka nawa ne." Mu mun san ma'anarsa: ya yi zato. To, idan tafinta ya gaya wa alƙali cewa mutumin ya ɗauki kayan fa? Ya mayar da kare kai amsa laifi. Wani lokaci rashin sanin harshe ke jawo haka, wani lokaci gajarta magana, wani lokaci kuma cin hanci.

Tsarin Mulkin 1999, sashe na 36(6)(e), ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Amma fa akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba. A shari'ar Gwonto ta 1983, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda yake da lauya, kuma bai yi ƙorafi a kan tafinta lokacin shari'a ba, da wuya a saurari wannan kuka a ɗaukaka ƙara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka a ra'ayina, da zarar an ji fassara ta kauce, a sanar da lauya nan take, ya roƙi alƙali ya rubuta ƙorafin, ya kuma nemi a sauya tafinta. Daga nan a rubuta takarda zuwa ga Babban Magatakardar kotu ko Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha, a sa lambar ƙara, da rana, da ainihin abin da aka faɗa, da yadda aka fassara shi.

Wasu za su ce wannan raba mutum ne da abincinsa. A'a. Tafintan kirki ba ya tsoron bincike, kuma zaman gidan yari a kan kuskuren wani ya fi rasa aiki ciwo.

Gobe mu ne za mu tsaya a wannan matsayi. Mu ƙware, mu riƙe amana, mu kuma wayar da kan iyayenmu na kasuwa da tasha. Allah ya sa mu dace.