Imani Ba Ƙyanda Ba Ne: Raddi Ga Mai Auna Aƙida Da Lissafi

Wani ɗan'uwanmu malamin lissafi, ɗan nan ƙasar Gezawa, ya tsaya a gaban dattawa bayan La'asar ya ce aƙida kamar ƙyanda take, wannan ya shafa wa wancan. Wai in an ba shi alƙaluma, zai iya faɗin shekarar da zawiyoyin Jogana za su zama kufai. Hujjarsa ita ce binciken Daniel Abrams na Jami'ar Northwestern a Amurka da abokan aikinsa biyu, wanda ya fito a 2011, ya yi hasashen addini na kan hanyar gushewa a ƙasashe tara. Na yi alkawarin yi masa adalci. Bismillah.

Na farko, kuma nan ne ginin ya tsage tun daga tushe. Lissafin nan ya tsaya ne kan ƙafa biyu: mutum yana bin ɓangaren da ya fi yawa, kuma yana bin inda yake ganin amfani. To, Malam, da wane mudu aka auna amfanin? Ba a tambayi zuciyar kowa ba. An ɗauki sakamakon ƙidayar jama'a ne, aka yi ta gyara lambar "amfani" har ta dace da abin da ya riga ya faru, sannan aka juyo aka ce ita ce dalilin faruwarsa. Wannan ai ihu ne bayan hari! Wane amfani Sayyidina Bilal ya gani a dutsen da aka ɗora masa a ƙirji? Wane rinjaye Musulmi suke da shi a shekaru 13 na Makka? Jama'ar Shehu Usmanu da suka bar gidajensu a Ɗagel suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, da rundunar Gobir a bayansu, riba suka hango? Ko a jiya-jiyan nan, da aka kafa Izala a Jos a 1978, waɗanda suka fara karɓarta a ƙauyukan Kano sun sha ƙyama daga iyaye da surukai. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, ba yawa suka bi ba. In ka ce ai lada suke nema, shi ma amfani ne, to ka mayar da kalmar buhu mara gindi, komai aka zuba ya shige. Abin da ya fassara komai bai fassara komai ba.

Na biyu, ina alƙalumanka? Ƙasashen nan tara, irin su Holan da Kanada da Ostareliya, sun shafe shekaru masu yawa suna tambayar addini a ƙidayarsu. A Nijeriya kuwa, ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su yi wannan tambaya ba, balle a ce an ƙirga 'yan Tijjaniyya da 'yan Ƙadiriyya. Da me za ka ciyar da kwamfutar taka? Da shaci-faɗi?

Na uku, ƙasar nan ta taɓa kunyata irin wannan hasashe. Tun 1798 wani masani mai suna Malthus ya ce yawan mutane zai fi ƙarfin abinci. Amma masani Michael Mortimore da ya bibiyi gonakin kewayen Kano, har da na ƙauyen Tumbau, ya tarar ana noma gona guda kowace damina ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da haɗa gero da wake. Lissafin da ya kasa karanta gonarmu ne zai karanta ƙirjinmu?

Na huɗu, kada a ce muna gudun lissafi. Da shi malamanmu ke raba gado. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sauran maganganunka ba su kai a ɓata tawada ba.

Malam, ka auna mana taki, ka lissafa mana ruwan damina da kuɗin iri, za mu gode maka. Amma shiriya a hannun Allah take, kuma mudunka bai kai can ba.