Kaya ɗaya, mai shi ɗaya: dokar aro a harshen Rust

Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo baya in mutum biyu suka riƙa rubutu cikin littafin bashi guda a lokaci ɗaya: lissafi ya dagule, amana ta lalace. Irin wannan rikici yana aukuwa cikin ma'ajiyar kwamfuta. A shekara ta 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaro da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ma'ajiya suke fitowa. Ta nan ɓarayi ke kaiwa ga asirin ma'aikatu da kuɗin jama'a.

Harshen tsara manhaja mai suna Rust, wanda Graydon Hoare ya ƙirƙiro, Mozilla ta ɗauki nauyinsa har ya kankama a 2015, ya zo da doka mai tsanani. Kowane bayani mai shi guda ne. Ana iya ba da aronsa ga masu karatu da dama, ko ga mai gyara ɗaya tak, amma ba a haɗa biyun. Ana tantance wannan tun kafin manhaja ta fara aiki.

To, amma akwai kayan tarayya. Nan ne manunai masu wayo ke shigowa. Box tamkar makullin mangaza ne a hannun mutum guda: ran da ya tafi, a kwashe kayan. Rc kuwa yana ƙidaya masu hannun jari. Sai na ƙarshe ya janye ake sakin wurin. Sai dai masu tarayyar karatu kawai suke iyawa.

In gyara ya zama dole, sai a sa bayanin cikin RefCell. Shi mai gadi ne da ke rubuta wanda ya karɓi aro yayin da aiki ke gudana. Doka ba ta faɗi ba, lokacin bincike ne aka jinkirta. In mai gyara na biyu ya zo na farko bai mayar ba, aikin ya tsaya cik. Inda ayyuka ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, Mutex ke sa kowa jiran layinsa.

Tsayawar manhaja asara ce, amma ta fi lissafin ƙarya da ba wanda ya lura da shi. A ƙarshen 2022 aka buɗe wa Rust ƙofa cikin zuciyar Linux. Rigakafi dai ya fi magani.